Rumfar Jar Motar Farfesa

Litinin, ƙarfe biyar da rabi na yamma

Uwar yara ce ta sayo mini wannan littafi, wai likita ya ce in riƙa rubuta abin da na yi kullum. Likitan da ban taɓa zuwa wurinsa ba, ban san yadda aka yi ya san abin da ya dace da ni ba. Na karɓa dai, amma ba don shi ba. Zan rubuta ne saboda ranar da za su ce na yi kaza ko ban yi kaza ba, in buɗe in nuna musu.

Ga abin da na yi yau. Na buɗe shago bakwai daidai, kamar yadda nake buɗewa shekara arba'in da ɗaya ina ɗinkin kujeru da rumfunan mota. Da hantsi Farfesa ya kawo jar motarsa, irin mai rumfar yadin nan da ake naɗewa baya, wai tana yi masa yoyo a kafaɗa. Ni na ɗinka rumfar shekara goma sha shida da suka wuce, kuma da an bar ta yadda na bar ta, da har yau lafiyarta ƙalau. Amma mai wankin motarsa ya yi ta dirzarta da garin sabulu da buroshin wanke taya, da ta koɗe kuma wani mai hikima ya shafe ta da man takalmi. Na ce wa Farfesa duk karatun nan nasa bai hana a mayar masa da mota takalmi ba. Ya yi dariya har da tari.

Bayan la'asar babban ɗana ya zo, wanda muke kira Injiniya tun yana rarrafe yana kwance mini rediyo. Ya ja gaisuwa ta yi tsawo, na san da magana. Wai shi da ƙannensa sun yi shawara, ƙarshen wata in rufe shago in huta, saboda abin da ya faru ranar Alhamis.

Ranar Alhamis latti na yi. Mutum ba ya latti?

Na nuna masa jar motar na ce, “Ka ga wannan? Damina na bakin ƙofa. In ruwa ya sauka a kanta ɗigo ɗaya ya shiga ciki, ka zo in ba ka makullin shagon nan da hannuna. In bai shiga ba, kada wanda ya sake yi mini zancen hutu.”

Ya ce, “Baba, ai ba gasa muke yi ba.”

Na ce ni ita nake yi.

Talata, ƙarfe huɗu na yamma

Wanki. Ba a shafa maganin hana ruwa a kan datti, wanda ya yi haka dattin ya yi wa gata. Ruwan ɗumi, sabulu mai laushi, buroshi mai taushi kamar na haƙorin jariri, a bi saƙar yadin a hankali. Man takalmin nan ya sa na zagi mutumin da ban sani ba tun safe har azahar. A cikin naɗin baya na tarar da fumfuna ta yi kore shar, alamar ana naɗe rumfar tana jiƙe. Sau uku na wanke, sau uku na ɗauraye.

Mai walda na shagon kusa da ni, abokina tun muna da baƙin gashi, ya leƙo ya ce, “Tsoho, gawa kake wankewa ne haka a hankali?” Na ce masa ya koma ya ci gaba da makantar da jama'a. Shi kaɗai ne a layin nan bai canza mini fuska ba. Sauran yanzu gaisuwarsu ta yi laushi, har da sunkuyawa, kamar masu dubiya. Da sun san yadda abin ke ƙona mini rai, da sun dawo da rashin kunyarsu ta da.

Laraba, ƙarfe biyar na yamma

Rumfa ta bushe ƙayau. Na shiga ciki na rufe ƙofa na ɗaga kai, sai ga hasken rana yana shigowa ta layin ɗinkin da ke saman direba, ƙananan huji a jere. Zare ne ya ruɓe. Robar gefen gilashi ma ta bushe ta tsage, na cire ta.

Kafin a farke tsohon ɗinki akwai ƙa'ida. A bayan kujeru, inda rumfa ke kwanciya in an naɗe ta, akwai kwata, da huji ɗaya a dama ɗaya a hagu, ta nan ruwan da ya gangaro yake bi ya zube ƙarƙashin mota. In guntayen zare da busasshen gam suka faɗa ciki, sun toshe ke nan. Don haka ake cusa tsumma a kowane huji, in an gama aiki a cire. Duk wanda ya koyi aiki a hannuna ya haddace: tsumma biyu ka sa, tsumma biyu ka cire. Na yaga tsohuwar rigata mai ratsin shuɗi na cusa, sannan na hau farka.

Ba abin da ya same ni. Wanda wani abu ya sama ba ya tuna wannan.

Alhamis, ƙarfe ɗaya na rana

Zare ya ƙare. Na ce wa mai walda in zai bi ta kasuwa ya sayo mini, ni aiki ya yi mini yawa.

Asabar, ƙarfe shida na yamma

Kwana biyu ina ɗinki da hannu, don ban yarda in cire rumfar in kai ta kan keken ɗinki ba, yadin ya tsufa. Basilla, zare mai kakin zuma, kowane ɗinki ya faɗa cikin tsohon hujinsa, kada a ƙara sabo. Hannuna ya san hanya ko na rufe ido. Da na gama layin farko na ja baya na duba, wallahi sai da na ji daɗi ya ratsa ni har tafin ƙafa. A kawo mini wanda zai yi irin wannan a cikin masu wayar hannun nan.

Uwar yara ta tsiro da sabon salo. Shekara arba'in da ɗaya ba ta san inda rana ke faɗuwa a shagon nan ba, yanzu kullum sai ta zo da abinci a kula, ta zauna a benci har in tashi, mu tafi gida tare. Wai zaman gidan ne ya ishe ta. Na ce mata in gadi aka ɗauke ta, ta faɗa mini in saya mata usur. Ta yi kunnen uwar shegu da ni, ta ci gaba da tsifar tsohon zare da ba wanda ya sa ta.

Akwai wata takarda a kan firij, an danne ta da gwangwanin sukari. Kullum sai ta ɗan matso gaba. Ban taɓa ta ba, ba kuma zan taɓa ba.

Litinin, ƙarfe uku da rabi

Na manna tsofaffin jaridu a kan gilashi da fenti, na shafa gam ɗin ɗinki a layin ta ciki, na sa sabuwar roba. Sannan shafin farko na maganin hana ruwa, daga tsakiya zuwa gefe, a inuwa, ba a ɗaga buroshi a tsakiyar layi. Shafi biyu ake yi, kwana ɗaya tsakani.

Farfesa ya bugo waya. Ashe Injiniya ya kira shi a bayan idona, wai ko zai kai motar wani wuri, kada a ba ni wahala. Farfesa ya ce masa wanda ya ɗinka shi zai gyara. Allah ya saka masa da alheri. Shi kuwa wancan, ɗan da na goya a kan kujerun mutane, ban kira shi ba, don in na buɗe baki yau abin da zai fito ba zai koma ba.

Talata, ƙarfe uku

Shafi na biyu. Ya kwanta lumui.

Laraba, ƙarfe sha ɗaya na safe

Na buɗe gwangwani zan yi shafi na biyu, na kai rabi, sai mai walda ya zo ya tsaya yana sosa ƙeya. Ya ce ai jiya na yi na biyun, a gabansa. Na ce ƙarya yake yi, hayaƙin walda ya taɓa masa kai. Bai ja da ni ba, ya koma shagonsa, wannan ya fi ba ni haushi.

Na buɗe littafin nan don in kai masa shaida. Ga shi nan a sama, da rubutuna.

To, shi ma littafin ya koma bayansu.

Shafi na uku bai taɓa kashe mota ba. Na goge inda ya yi fari-fari da ɗanyen tsumma. Ba abin da ya same ni, ranakun ne suka yi kama da juna.

Alhamis, ƙarfe biyar na yamma

Wani direban tasi ya tsaya a ƙofar shago, ya fito da fara'arsa yana ta gaisuwa, ya jiki, ya ƙarfin jiki. Na amsa ina jiran ya faɗi kujerar da ta yage. Ashe wai shi ne ya kai ni gida waccan Alhamis ɗin. Ya fara ba uwar yara labari, yadda ya gan ni tsaye a bakin titin jirgi da ƙullin zare a hannu, ina tambayar wani gida da aka rushe tun kafin a haife shi. Na ce masa mun gode, muna da aiki.

Zaren yana hannuna, ai na saya. Na fito daga kasuwar da na shiga sau dubu, na duba dama na duba hagu, sai kawai

Ba zan rubuta wannan ba. Ba don wannan aka sayi littafin ba.

Asabar, ƙarfe shida da kwata na yamma

Da azahar hadari ya haɗo daga gabas, baƙi ƙirin. Kowa a layin yana ja da kaya ciki, ni kuwa na cire jaridu, na ɗaure rumfa tam, na ce wa mai walda ya kama mini mu tura motar waje. Ya ce in bari mu gwada da tiyo tukuna kamar yadda muka saba, ɗaya a ciki da alli yana yi wa ɗigo alama, ɗaya a waje yana zuba ruwa. Na ce yau wanda ya fi tiyo ne zai gwada. Muka tura ta tsakiyar fili, ido na ganin ido, na kulle ta na jefa makulli a aljihu.

Aka tsuge kamar da bakin ƙwarya. Na tsaya a bakin shago ina kallo, ruwa na sauka a kan rumfar yana dunƙulewa yana mirginawa kamar a bayan agwagwa. Na kira Injiniya na ce gobe da takwas ya zo da idonsa biyu. Har muka tafi gida ba a ɗauke ba. Rabon da in ci abinci da yawa irin na yau har na manta.

Lahadi, ƙarfe tara na safe

Ruwa a ciki.

Lahadi, ƙarfe huɗu na yamma

Na buɗe ƙofar direba ina murmushi, rabin layin a tsaye a bayana. Bayan kujera ruwa ne kwance har idon sawu, kafet ya jiƙe sharkaf, tabarmar ƙafa tana iyo. Mutane suka fara zamewa ɗaya bayan ɗaya. Injiniya bai miƙo hannun karɓar makulli ba, ya tsaya yana kallon takalminsa. Da ya yi mini dariya da ya fi mini sauƙi.

Na ce masa, “Ba ɗinkina ba ne. Ka ba ni kwana biyu.”

Ya ce, “Baba, ko nawa kake so.”

Wannan ladabin nasa ne zai kashe ni. Ba ɗinkina ba ne. Ko a gaban wa zan faɗa.

Litinin, ƙarfe biyu na rana

Na kwashe ruwa da kofi, na cire kafet na shanya. Na shafa rumfar ta ciki taƙi bayan taƙi, a bushe take ƙamas. Layin ɗinki a bushe, sabuwar roba a bushe. Na yi gaskiya, ba ta sama ya shigo ba. Ruwan kuma gefe ɗaya ne kawai, na hagu.

Na zura hannu cikin kwatar, gefen hagu. Yatsana ya taɓa shi. Na jawo, tsumma mai ratsin shuɗi, ya sha ruwa ya kumbura. Ɗan uwansa na dama yana cikin akwatin kayan aiki, a ninke, ban ma san lokacin da na cire shi ba. Ruwa ya cika kwata ya rasa hanya, ya malalo cikin mota.

Na dunƙule shi na cusa a aljihu. Mai walda ya leƙo ya tambayi me na gani, na ce ganye ne ya toshe hujin. Ya ce ai ganyen bana sai a hankali. Ko bishiya ɗaya babu a layinmu.

Na taɓa korar mutum daga shagon nan a kan tsumma irin wannan. Na ce masa wanda bai iya ƙirga biyu ba, ba shi da wurin zama a sana'ata.

Talata, ƙarfe bakwai da rabi na safe

Ban buɗe shago ba tukuna. Ganye zai wuce, kowa zai yarda, Injiniya ma zai so ya yarda. Amma ban taɓa cin amanar mota ba, kuma tsoro nake ji. Na rubuta, ga shi nan. Tsoro nake ji.

Muna shan shayi na fito da tsumman na ajiye a gaban uwar yara, na faɗa mata komai, har da abin bakin titin jirgi, wanda ban taɓa faɗa wa kowa da bakina ba. Na zaci za ta yi kuka. Ta dubi tsumman ta ce ta san rigar. Ta ce ba Alhamis aka fara ba, tun sanyin bara take bin bayana tana kashe risho, tana mayar da makulli inda zan gan shi. Na tambaye ta me ya hana ta faɗa mini.

Ta ce, “Malam, wa yake faɗa maka magana? Jira nake ka faɗa wa kanka.”

Na ɗauko takardar kan firij da kaina. Ta ganin likita ce, ranar Litinin, ƙarfe goma. Zan je, amma duk wanda ya yi mini magana kamar yaro, tashi zan yi in bar masa ofishinsa.

Laraba, ƙarfe biyar na yamma

Na zura wayar birkin keke a hujin biyu, na tsiyaya ruwa kwalba ɗaya a kowanne, na durƙusa na ga ya zubo ƙarƙashi. Sannan na sa uwar yara a kujerar direba, na ba ta alli, na rufe ta. Na ɗauki tiyo na fara daga ƙasa ina hawa a hankali, gefen ƙofa, gilashi, roba, layin ɗinki, har ƙoli. Minti arba'in ina zuba, hannuna ya gaji ban daina ba. Ta fito ta miƙo mini allin ko gefensa bai goge ba, ta ce ita dai zafi ne ya kusa kashe ta.

Na aika aka kira Injiniya, ya zo. A gaban mai walda na faɗi gaskiyar ganyen. Mai walda ya ce shi dama bai ji an ce ganye ba, kunnensa ya daɗe da lalacewa. Na ciro makullin shago na miƙa wa ɗana, don magana na yi, kuma ruwa ya shiga. Ƙato da shi, mai 'ya'ya uku, ya ɓoye hannuwa a baya yana share ido da kafaɗa. Na ce ya karɓa kafin raina ya ɓaci.

Uwar yara ce ta miƙo hannu ta zare shi daga yatsuna, ta jefa a jakarta.

Ta ce, “Ni zan riƙa buɗewa, ni zan riƙa rufewa. Yana aiki ina rubutawa, abin da ya sa da abin da ya cire. Ranar da na ga bai kamata a buɗe ba, ba zan buɗe ba, kuma daga kai har ubanka ba mai tambayata dalili.”

Na duba fuskarta, na fasa gardama. A tsufana na samu shugaba.

Alhamis, ƙarfe sha biyu na rana

Ta buɗe bakwai da minti goma. Na nuna mata agogo, ta nuna mini jaka.

Farfesa ya zo ɗaukar mota ana yayyafi. Na faɗa masa abin da ya sami kafet ɗinsa da dalili, ban rage komai ba. Ya zagaya motar yana bin ɗinkin da yatsa, ya ce na bana ma ya fi na wancan karon kyau. Na gargaɗe shi kada ya sake naɗe ta tana jiƙe, kuma duk wanda ya nufo ta da man takalmi ya haɗa shi da ni.

Muka tsaya a ƙofar shago muna kallonta tana tafiya, ruwa na zamewa a bayanta, har ta kai ƙarshen layi.

Na ce wa uwar yara, “In ranar ta zo da motar nan za ta wuce in tambaye ki wa ya yi wannan ɗinki, kada ki ce mini wani tsoho ne. Ki ce ni ne.”

Ta ce, “Zan faɗa maka.”

“Ko na sake tambaya.”

“Ko sau nawa.”

Sannan ta buɗe takardarta ta ce in daina tsayuwa, kujerun wata tasi na jirana tun jiya.